Tafiyata Viyana cikin azumi, wajen gasar Vis

Abokan aiki da ɗalibai sunyi ta tambayata wai me ya kaini ƙasar Ostiriya a watan Maris na 2024 ana tsakiyar azumi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta kowa ya karanta. Ni dai dokar kasuwanci nake koyarwa, kuma abitireshan na cikin abinda muke taɓawa a aji, amma gaskiya taɓawa ce kawai, mu ba ɗalibai ma'ana da sassan doka su haddace su rubuta jarabawa shikenan. Wata babbar barista da nake girmamawa a Abuja, wadda ita wannan ne aikinta, ita ta matsa min tace Malam in baka je Viyana kaga yadda ake koyar da abin nan ba to baka fara ba. Ita aka gayyata cikin alƙalan gasar Vis, wato gasar da ɗaliban shari'a na duniya ke yin zaman abitireshan na gwaji, ni kuma na bita a matsayin ɗan kallo.

Ga wanda ba lauya ba, abitireshan shine 'yan kasuwa biyu su yarda tun a cikin kwangila cewa in rigima ta taso ba kotu zasu je ba, zasu zaɓi mutum ɗaya ko uku su saurare su su yanke hukunci, kuma hukuncin ya hau kansu dole. Kamar dai yadda 'yan Kantin Kwari ke kai ƙara gaban dattawan kasuwa maimakon su tafi kotu, sai dai anan ɗaya yana Kano ɗaya yana Shanghai, kuma akwai Yarjejeniyar New York ta 1958 da ƙasashe sama da 170 suka shiga, wadda ta sa za'a iya ɗaukar hukuncin a kai kotun wata ƙasa ta tilasta biya. Najeriya ta shiga tun 1970.

Daga Abuja muka tashi da dare, muka sauka Santanbul muka canza jirgi, sai filin jirgin Viyana da ke Schwechat. Lokacin naira ta faɗi warwas, duk abinda ka gani da yuro sai ka lissafa a ranka kaji gabanka ya faɗi, don haka bamu hau jirgin ƙasa mai tsada da ke kai mutum tsakiyar gari cikin minti 16 ba, jirgin ƙasa na gama-gari mai lamba S7 muka hau zuwa tashar Wien Mitte, ya fi jinkiri kaɗan amma kuɗinsa bai kai rabi ba. Sanyi ne irin mai shiga ƙashi duk da su wai bazararsu ce ta fara. Azumin kam alhamdulillah bai yi tsawo ba, wajen shida da 'yan mintuna ake shan ruwa, sahur kuma a ɗaki da dabino da burodi da shayi.

Ran Juma'a na hau jirgin cikin gari na layin U6 naje masallacin Cibiyar Musulunci da ke kusa da kogin Danube, wanda aka buɗe a 1979, Turkawa da 'yan Bosniya da Larabawa cike. Da yamma akayi bikin buɗewa a Konzerthaus, zauren da suke kiɗe-kiɗensu na gargajiya, ranar ba makaɗa, ɗaliban shari'a ne dubbai sun cika shi har sama, ana kiran ƙasashe ana tafi. Jami'o'i sama da 350 daga ƙasashe sama da 80. Anan naji tarihin da kyau, cewa a 1994 da akayi zagayen farko tawaga 11 ce kacal. Wanda ya ɗauki nauyin abin shekara da shekaru shine Farfesa Eric Bergsten na jami'ar Pace a Amurka, wanda kafin ya koma koyarwa shine sakataren UNCITRAL, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki tsakanin ƙasashe. Sunan gasar kuma na Willem Vis ne, mutumin Holan da ya riƙe wannan kujera kafin shi, ya kuma jagoranci sakatariyar taron Viyana na 1980 inda aka amince da yarjejeniyar saye da sayarwa ta duniya da ake kira CISG, ya rasu a 1993. Wato su kansu waɗanda suka kafa abin ƙafa ɗaya a aji ƙafa ɗaya a fagen aiki, kuma haka gasar ta gada.

Asabar aka fara zama. Mafi yawanci a Juridicum akeyi, ginin tsangayar shari'a ta jami'ar Viyana kusa da Schottentor, sauran kuma a ofisoshin lauyoyin gari, su bada ɗakunan taronsu kyauta. Duk shekara a watan Oktoba ake sakin shari'ar, ƙirƙirarriya ce amma fayil ne guda da wasiƙu da imel da shaidu kamar na gaske, ƙasashen ma na ƙirƙira ne, Mediterraneo da Equatoriana da Danubia. Ɗalibai su rubuta hujjar mai ƙara su miƙa a Disamba, sai a basu ta wata jami'a su mayar mata da martani a Janairu. Ta shekarar nan akan wani kamfani ne mai sayar da na'urorin da ake sawa a mota, 'yan damfarar intanet suka kutsa musu suka aika wa mai saye imel da sabuwar lambar akawun, shi kuma ya tura kuɗi can, to yanzu ya biya ko bai biya ba, kuma shin wajibi ne mai sayarwa ya sanar da shi tun farko cewa an yi masa kutse? Dokokin ICC, wato ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya, akayi amfani da su wajen tsarin zaman. Ina karantawa nace wannan ai a Kano ma tana faruwa, duk mai odar kaya daga waje ya san labarin irin wannan imel.

Abinda ya fi tsaya min a rai shine teburin alƙalai. Mutum uku ne kullum, kuma masu shiryawa suna ƙoƙarin haɗa wanda ya taso a tsarin shari'ar Ingila irin namu da wanda ya taso a tsarin Faransa da Jamus, haka su ma tawagogin ake haɗa su. Duk aikin sa kai ne, ba'a biyansu ko sisi, tikiti da otal daga aljihunsu. Zaman da ba zan manta ba wani tsohon farfesa Bajamushe ne a tsakiya, damansa wata lauya 'yar Indiya da ke aiki a Singafo, hagunsa wani matashin lauya daga Brazil. Ɗaliba ta fara magana, kowa minti 15 gare shi, bata kai minti biyu ba farfesan ya tsayar da ita yace wane sashe na CISG ne ya ɗora wa mai sayarwa wannan wajibi, in babu shi ƙarara to daga wace ƙa'ida ta ciro shi, ta kawo sashe na 7 yace to karanta min, ina ya faɗi haka. Tana gama fita daga wannan sai 'yar Indiyan tace ita ba ruwanta da ƙa'ida tukuna, a nuna mata shafi da sakin layi a cikin fayil inda shaida ya faɗi ranar da kamfanin ya gano kutsen, sannan tace in mun yarda da ke me kike so mu rubuta a hukunci, nawa za'a biya, wa zai biya. Wallahi a nan na gane bambancin. Malami yana tambayar dalili, mai aikin yana tambayar shafi da sakamako, kuma ɗalibin da ya saba da ɗaya kawai sai ɗayan ya kayar da shi. Yarinyar bata rikice ba, ta buɗe fayil ɗinta mai alamomi kala-kala ta basu shafin cikin daƙiƙa kaɗan, kana gani ka san wani ya zaunar da ita watanni yana mata irin wannan tambaya.

Bayan an gama sai a fita alƙalai su bada maki, sannan a dawo da ɗaliban a yi musu gyara baki da baki. Ni a wurina wannan shine ajin gaskiya. Farfesan ya gaya wa ɗaya daga cikin samarin cewa hukuncin kotun da ya kawo bai faɗi abinda yake cewa ya faɗa ba, ya koma ya karanta shi gaba ɗaya ba taƙaitawa ba. 'Yar Indiyan kuma tace in alƙali ya maka tambaya ka fara da eh ko a'a sannan bayani, kar kace zan zo kanta anjima, kuma in hujjarka mai rauni ce ka sake ta da mutunci ka koma mai ƙarfi, domin abitireta da ya kama ka kana kare abinda ba za'a iya karewa ba, ba zai ƙara yarda da kai ba har ƙarshen shari'a. Ban taɓa faɗa wa ɗalibaina wannan ba, kuma ba'a rubuta shi a manhajar da muke bi ba, sai wanda ya tsaya gaban alƙalai da kuɗin mutane a wuyansa ne ya san shi.

Can saman Juridicum akwai wani babban falo da kowa ke taruwa tsakanin zama da zama, ana shan kofi ana musayar kati. Ni da ke azumi sai na samu kujera nayi ta hira da masu horar da tawagogi. Kusan duk wanda na tambaya tsarinsu ɗaya, malami ɗaya daga jami'a, sai lauyoyi biyu ko uku da suka taɓa yin gasar suna ɗalibai, yanzu suna aiki amma duk mako suke zuwa da yamma su horar da ƙannensu. Kafin Viyana kuma sai sun zaga gasannin share fage a birane daban-daban, wasu ta intanet, akwai ma 'yar uwar gasar da akeyi a Hong Kong. Na haɗu da wani malami daga Kamaru da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan, muka gaisa yace Malam ina gajiya, shi ya min bayanin yadda suke koyar da tsarin OHADA, ƙasashe 17 har da Nijar da Chadi masu dokar kasuwanci ɗaya da kotunsu ta bai ɗaya a Abidjan wadda ita ma tana kula da abitireshan. Maƙwabtanmu ne, 'yan kasuwarmu kullum suna Maraɗi da Damagaram, amma a ajinmu da wuya kaji an ambaci OHADA. Tawagogin Afirka dai suna nan amma basu da yawa in ka kwatanta da Jamus ko Indiya ko Brazil, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka kuɗi ne da biza.

Wata rana da ba zaman da nake son gani na hau U1 naje Kaisermühlen inda ginin Majalisar Ɗinkin Duniya yake, nan sakatariyar UNCITRAL take. Daga nan dokar samfuri ta abitireshan ta 1985 ta fito, wadda dokarmu ta 1988 ta kwaikwaya, sannan aka maye gurbin tamun da sabuwa a 2023. CISG kuwa har yau Najeriya bata shiga ba, alhali Sin da Amurka da Jamus da Turkiyya duk suna ciki, wato ƙasashen da muke sayen kaya a wurinsu.

Da dare bayan mun sha ruwa a wani gidan abincin Turkawa nake ce wa baristar, Hajiya ni fa P&ID ke ta zuwa min a rai tunda muka zo. Kwangilar gas ce ta 2010 tsakanin gwamnatin Najeriya da wani kamfanin waje mai wannan suna, da za'a gina masana'anta a Kalaba, ba'a aza ko bulo ba, amma a 2017 masu abitireshan a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa ya haura biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles na babbar kotun Ingila ya gano an samu hukuncin ne ta hanyar zamba, da cin hanci, da riƙe takardun sirri na lauyoyin Najeriya. Allah ya tsare mu, amma da ƙyar. Tace min Malam irin wannan shari'a tun ranar rubuta kwangila ake faɗuwa, kuma wanda zai rubuta ta gobe a ma'aikata yana ajinka yanzu. Maganar ta dame ni sosai don gaskiya ce, ɗaliban da muke yayewa su ne lauyoyin gwamnatocin jihohi da ke sa hannu a kwangilar wuta da hanya da taki da kamfanonin waje, kuma yawancinsu basu taɓa ganin zaman abitireshan ko na gwaji ba.

Kowace tawaga sau huɗu take zama daga Asabar zuwa Talata, sannan a sanar da 64 da suka haye, daga nan duk wanda ya faɗi ya fita har zuwa ƙarshe ran Alhamis kafin Ista. Na kalli na ƙarshen, sun iya ƙwarai, amma ni ƙananan ɗakunan nan da ake gyara wa yara kuskure sun fi amfanata.

Da na dawo naje wajen wani barista a Kano da ya daɗe yana shari'o'in kwangila kuma yana da takardar horon abitireshan, nace ranka ya daɗe ɗalibaina nake so ka riƙa zuwa kana titsiyewa da tambaya, yace ranar Asabar zai iya, ya kuma ce zai jawo wasu abokansa biyu. Tsofaffin shari'o'in gasar duk suna shafinsu kyauta, na sauke ta masu kutsen nan na raba wa 'yan ajin ƙarshe, na kasa su masu ƙara da masu kare kai, ni in zauna a tsakiya baristocin su zauna gefe da gefe. Baristar Abuja tace zata riƙa shigowa ta Zoom tana duba rubutunsu. Zuwa Viyana da tawaga kam sai mun samu masu ɗaukar nauyi, rajista da yuro ake biya ga tikiti ga masauki, na fara rubuta wa ofisoshin lauyoyi da wasu 'yan kasuwa da abin ya shafa kai tsaye. Kafin nan zamu fara da gasannin share fage da akeyi ta intanet, waɗannan data kawai suke buƙata da wuta.