Yadda na ceto rubutun yayata daga filash

Yayata ce ta kira ni hankali a tashe, wai foldar da take ajiye rubutun digirinta na biyu ta ɓace daga filash. Tana cikin share tsofaffin hotuna ne hannu ya haɗa da ita. Ta leƙa kwandon shara na Windows, wayam. Dama ba za ta gan ta a can ba, domin abin da aka goge daga filash ba ya biyawa ta kwandon, kai tsaye yake wucewa, tamkar an danna Shift da Delete a tare.

Na ce mata, "Yaya, zare filash ɗin yanzu, kada ki ƙara sa masa ko harafi ɗaya sai na zo."

Wannan umarnin ne ya yi rabin aikin. Idan aka goge fayil, kwamfuta ba ta bin sa ta kankare shi. Sunansa kawai take sokewa daga rajistarta, ta ce wurin nan ya zama fili. Kamar a yage shafin jerin babuka ne daga littafi, babukan suna nan daram. Ranar da aka ajiye wani sabon abu ya hau kansu, to sun tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da su. Shi ya sa ba a girka manhajar ceto a kan faifan da ake son cetowa, kuma ba a zuba abin da aka samo a cikinsa.

Na fara da manhajar ceto mai suna Recuva, wadda kyauta ce kuma ba ta da wuyar sha'ani. Na girka ta a kwamfutata, na nuna mata filash ɗin. Ta jero fayiloli, kowanne da ɗigo a gefensa: kore na nufin lafiya lau, ja kuma an riga an taka shi. Yawancin babukan kore ne, na kwashe su zuwa faifan kwamfutar. Amma kore ba rantsuwa ba ce. Babin da ya fi girma, mai cike da jadawali da hotuna, ya dawo da sunansa da girmansa, Word kuwa ta ƙi buɗe shi. Filash ɗin tsarin ajiyar fayiloli na FAT32 gare shi, kuma a wannan tsarin gogewa tana share bayanin yadda gutsattsarin fayil suke haɗe da juna. Fayil ɗin da ke warwatse a wurare daban-daban sai ya dawo kai nasa amma jiki na wani.

Daga nan na koma PhotoRec. Ita ba ruwanta da rajista, faifan take bi tiryan-tiryan tana gane kowane irin fayil ta alamar farkonsa. Fuskarta baƙin allo ne da rubutu, kuma sunaye ba sa dawowa, sai tarin lambobi, dole ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Aikin akwai cin rai. A cikin tarin na tarar da wani tsohon kwafin babin, wanda bai ƙunshi gyaran ƙarshe da malaminta ya sa ta yi ba. Wannan ta sake shi da hannu.

Sa'arta ɗaya, abin a filash ya faru. Da a faifan SSD na sabbin kwamfutoci ne, da labarin ya sha bamban, domin can akwai umarnin TRIM da ke shaida wa faifan ya wanke wurin da aka goge, sau da yawa kafin mutum ya farga. A irin wannan faifan ban cika sa rai da Recuva ba. Na fi duba ko File History, wato tsarin Windows mai ajiye kwafin fayiloli, na kunne, ko kuma kwandon ma'ajiyoyin intanet na OneDrive da Google Drive, waɗanda ke riƙe abin da aka goge har kwana 30.