Fitilar tankin murjani: darasin da ido ba ya koyarwa

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen zaɓar fitilar tankin murjani na ruwan gishiri kuwa, wato tankin da ake kiwon murjani mai rai na teku a cikinsa, ko kimar ma bai sani ba. Idon mutum ya fi jin haske mai ruwan kore, wajen nanomita 555 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke bambanta launuka), shuɗi kuma dishi-dishi yake ganinsa. Shi murjani shuɗin ne abincinsa. Tankin da kake gani kamar magariba ta yi a cikinsa yana iya zama yana ƙona murjanin da ke saman dutse, kai kuma kana ta ƙara wa fitila ƙarfi.

Dalilin yana cikin jikin murjanin. Akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke zaune a cikin namansa, ana kiransu zuzantele. Su ke karɓar haske su haɗa abinci, murjani ya samu rabonsa. Hasken da suka fi amfani da shi shuɗi ne, tsakanin nanomita 420 zuwa 470, domin a teku ja ne ke fara ɓacewa tun a mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa. Shi ya sa fitilun murjani ke zuwa da launin Kelbin 10,000 zuwa 20,000, ma'aunin launin haske da yawan lambarsa ke nuna ƙarin shuɗi.

Ma'aunin da ake aiki da shi shi ne PAR, wato yawan hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 wanda ya isa wani wuri a cikin ruwa. Tsohon lissafin wat nawa ga kowane galan ya daina aiki tun da fitilun LED suka shigo, don fitilu biyu masu wat ɗaya suna iya ba da haske daban-daban. Murjani mai laushi, irin masu kama da naman kaza, PAR 50 zuwa 150 ya ishe su. Masu ƙashi da manyan baki kamar Euphyllia suna jin daɗi a wajen 75 zuwa 150. Masu ƙananan baki, Acropora da Montipora, su ne masu cin haske, 200 zuwa 350. Saboda haka murjanin ake fara zaɓa, sannan fitila. Wanda ya sayi fitila tukuna yakan ƙare da ɗaya daga biyu: ko ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa kunnawa ba, ko ya sa Acropora a inda hasken bai kai ba.

Na'urar auna PAR tana da tsada, amma aron ta na yini ɗaya ya isa. A kunna famfunan ruwa yadda suke aiki kullum, a nutsa kan na'urar a kan yashi, a tsakiya, a saman duwatsu, da kusurwoyi huɗu, a rubuta kowace lamba a zanen tankin. Kusurwoyin ne ke ba mutane mamaki. Fitilar LED ɗaya tana zuba haske a ƙarƙashinta kamar tocila, tsakiya ta yi zafi, gefe ya yi duhu, kuma murjani mai rassa yana yi wa kansa inuwa har gindinsa ya mutu. Maganin ba ƙara ƙarfi ba ne. A ɗaga fitilar santimita 20 zuwa 30 daga saman ruwa, ko a raba aikin ga fitilu biyu a rage musu ƙarfi.

Dogayen ƙwayayen fitila masu kama da bututu da ake kira T5 sun fi LED shimfiɗa haske daidai, sai dai ana sauya su duk wata 9 zuwa 12, ko da a ido suna ci lafiya. Wata fitilar mai ƙarfi da ake kira metal halayid, mai wat 250 ko 400, tana ratsa tankin da zurfinsa ya wuce santimita 60, amma tana dafa ruwa, murjani kuma digiri 24 zuwa 26 na Salsiyas yake so.

Inda aka fi yin asara shi ne ranar da aka ɗora sabuwar fitila. Murjanin da haske ya yi wa kaɗan yana yin ruwan ƙasa a hankali, ya rage girma, ya ba ka makonni ka gyara. Wanda haske ya yi wa yawa yana fitar da zuzantelen daga jikinsa, cikin 'yan kwanaki ya yi fari fat, daga nan yunwa ce. Don haka a fara da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙarfin fitilar, a riƙa ƙara kashi 5 duk mako. Sabon murjani a fara ajiye shi a ƙasa, a hau da shi dutse mataki-mataki. Sa'o'i 8 zuwa 10 na cikakken haske sun wadatar, da ɗan lokacin ƙaruwa da safe da raguwa da yamma, a kan agogo mai kunnawa da kansa.

Haske na iya ƙaruwa ba tare da an taɓa fitila ba, abin da mutane da yawa ba sa kawowa a rai. Ruwan da ya daɗe yana ɗan yin rawaya yana tare haske. Ranar da aka zuba sabon gawayin tacewa ya yi garau, hasken da ke isa ga murjani ya yi tsalle. Haka goge busasshen gishirin da ya taru a gilashin fitila ko murfin tanki. Idan za a yi ɗayansu bayan dogon lokaci, a rage fitilar na 'yan kwanaki.

Kuma haske mai ƙarfi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana son ruwa mai motsi sosai, da ɗan abinci a cikin ruwan: sinadarin nitiret wajen 2 zuwa 10 a ma'aunin ppm (kashi cikin miliyan), sinadarin fosfet 0.03 zuwa 0.1. Idan gwaji ya nuna sifili a dukansu biyun kuma murjani yana koɗewa, a sauke fitilar a ƙara ciyar da kifi kafin a nemi wani dalili.