Yadda na gyara layukan tebur da umarnin UPDATE

An ɗora mini aikin gyara teburin masu rajista a rumbun bayanai na PostgreSQL, inda ake so duk wanda wa'adinsa ya ƙare a mayar da matsayinsa "dakatacce". Umarnin da ke yin wannan a SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, shi ne UPDATE, kuma tsarinsa ba shi da wuya: a ambaci tebur, a faɗi ginshiƙin da za a sauya bayan SET, sannan a kafa sharaɗi bayan WHERE. Sai dai nauyin aikin duka yana kan sharaɗin, domin idan aka manta da shi, rumbun ba ya tambayar kowa, kowane layi na teburin zai sauya.

Saboda haka da SELECT na fara, umarnin da ke nuna layuka kawai ba tare da ya sauya komai ba, na sa masa sharaɗin da nake shirin amfani da shi: ranar ƙarewa ta wuce, kuma matsayi <> 'dakatacce', wato matsayin ba 'dakatacce' ba ne. Adadin layukan da ya fito ya gaza wanda ke cikin jerin da aka ba ni. Da na bi sunayen da suka ɓata, sai na tarar tsofaffin layuka ne waɗanda ba a taɓa cike musu matsayi ba, wato NULL ne a wurin. A SQL, duk abin da aka kwatanta da NULL ba ya ba da "e" ko "a'a", amsarsa "ba a sani ba" ce, shi kuwa WHERE ba ya ɗaukar layi sai amsar ta zama "e". Da an zarce da UPDATE a haka, waɗannan layukan za su tsira ba tare da wani saƙon kuskure ba, kuma a ganina irin wannan ya fi haɗari, don babu abin da zai ja hankalin mutum. Na musanya alamar da IS DISTINCT FROM, wanda ke lissafa NULL yadda ake bukata, nan take adadin ya daidaita.

Daga nan na rubuta BEGIN kafin umarnin, don sauyin ya jira amincewata, domin in ba haka ba, psql, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni a cikinta, yana tabbatar da kowane umarni da zarar ya gudana. Bayan UPDATE, allon ya nuna adadin layukan da aka taɓa, na kwatanta shi da na SELECT, na kuma duba sababbin ƙimomin da RETURNING ya dawo da su, sannan na rubuta COMMIT don tabbatar da sauyin. Da lissafin ya saɓa, ROLLBACK zai mayar da komai yadda yake. Wannan dubawar tana bukatar hanzari, saboda layukan da aka sauya suna kulle har a kammala, kuma duk mai son rubutu a cikinsu dole ya jira.

Wani abu da na gane daga baya, lokacin da irin wannan aiki ya kai ni MySQL, wani rumbun bayanan daban, shi ne bambancin yadda ake karanta SET. A PostgreSQL, SET a = b, b = a yana musanya ƙimomin biyu, domin tsofaffin ƙimomi ake karantawa. MySQL kuwa yana bi daga hagu zuwa dama a umarnin tebur ɗaya, don haka ginshiƙan biyu za su ƙare da ƙimar b, ta a kuma ta salwanta.