Abin da Tsoffin Wasannin Rediyo Suka Koya Mini a Aikin Fodkas

Aikina haɗa sauti ne. Marubuci ya kawo labari, 'yan wasa su naɗi muryoyinsu, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in jera komai har ya zama wasan kwaikwayon da mutum zai saurara a wayarsa. Mafi yawan abin da na sani a wannan sana'a daga tsoffin wasannin rediyon Amurka da Ingila na tsince shi, don da yawansu suna nan a intanet ga mai son ji. Da na daɗe ina sauraronsu sai na lura cewa abin da ke ba mu ciwon kai yau shi ne ya ba su: mai sauraro ba ya gani. To ta yaya za a sanar da shi inda ake da abin da ke faruwa, ba tare da an cusa wa ɗan wasa maganar da ba mai yin ta a zahiri ba?

Sabon marubuci yakan rubuta: "Me ya sa ka ɗauki wuƙar da ke kan tebur kake nufo ni da ita?" Wanda aka nufo da wuƙa ba ya tsayawa wannan dogon bayani. Kunne kuwa nan take yake gane cewa da shi ake, ba da mai wuƙar ba.

Mutanen da sun samo mafita tun da wuri. A watan Janairun 1924 BBC ta watsa Danger na Richard Hughes, wanda ake lissafawa a matsayin wasa na farko da aka rubuta musamman don rediyo a Birtaniya. Ya jefa mutum uku cikin ramin haƙar kwal a Wales, sannan wuta ta ɗauke. Tunda su ma ba sa ganin juna, dole su riƙa tambayar wane ne nan, mene ne wannan ƙarar, ina ruwan ya kawo. Duk bayanin da mai sauraro ke buƙata ya fito daga bakinsu, kuma kowace kalma da dalilinta.

Orson Welles, ɗan wasa kuma mai shirya wasanni, ya bi wata hanyar ranar 30 ga Oktoban 1938 a tashar CBS ta Amurka. Ya shirya The War of the Worlds, labarin halittun duniyar Mars da suka kawo wa duniyarmu hari, kamar kiɗan rawa ne ake watsawa, ana katse shi da labarai da ɗumi-ɗuminsu. Aikin ɗan jarida ai shi ne ya faɗi abin da idonsa ke gani, don haka ba wanda zai ce ya cika surutu. An fi tuna wasan da firgicin da aka ce ya jefa Amurkawa ciki, ko da yake masu binciken tarihi sun nuna jaridun lokacin sun ƙara gishiri. Ni wurin da na fi komawa shi ne inda wakilin ke tsakiyar bayani, mutane na ihu, sai layin ya yanke ɗif. Shirun da ya biyo baya na 'yan daƙiƙoƙi ne, amma ya fi duk ƙarar da ke cikin wasan tayar da tsikar jiki. A 1943 kuma Lucille Fletcher ta rubuta Sorry, Wrong Number: mace ce kwance ba lafiya, ba ta da komai sai tarho, layi ya sarƙe ta ji ana ƙulla kisan kai. Kusan duk wasan a kan tarho ya ƙare.

Da talabijin ta janye masu talla, harkar ta durƙushe a Amurka. Ana yawan ɗaukar 30 ga Satumban 1962 a matsayin ranar rufe wancan zamani, ranar da CBS ta dakatar da wasanninta biyu, Suspense da Yours Truly, Johnny Dollar. A Ingila ba ta mutu ba. Wasan BBC mai suna The Archers na tafiya tun 1951, ya haura kashi 20,000. Da fodkas ya farfaɗo da abin, dabarar nan ta ba ɗan wasa dalilin yin bayani da baki ce aka sake ɗaukowa. Welcome to Night Vale na 2012 shirin sanarwa ne na gidan rediyon wani gari a hamada. Limetown na 2015 'yar jarida ce ke binciken ɓacewar mutum sama da 300. Homecoming na 2016 an gina shi da kiran waya da zaman jinya da aka naɗa, ba mai ba da labari ko ɗaya. Shi ya sa yanzu idan aka miƙo mini rubutu, kafin in taɓa kwamfuta nakan tambayi marubucin: me ya sa wannan mutumin yake faɗin wannan da baki, kuma wa yake gaya wa?

Darasi na biyu ya fi shafar hannuna. Masu haɗa sauti na wancan zamani kai tsaye suke aiki, da ɓawon kwakwa don takun doki, da fallen ƙarfe don tsawa, da 'yar ƙaramar ƙofa mai makulli na gaske a gefen makirufo. Hannu biyu gare su, don haka sai su zaɓi sauti ɗaya ko biyu da za su faɗi wurin. Ni kuwa manhajata za ta ɗauki layin sauti hamsin ba ta yi tari ba. Sai ka zuba iska da tsuntsaye da motoci da kiɗa a fage guda, ka ji ya cika, a ƙarshe mai sauraro ya kasa gane wa ya shigo ɗakin. Kunne abu ɗaya yake bi a lokaci guda. Ƙarar ƙofa, taku uku, jan kujera: an gama, kowa ya san baƙo ya zauna.

Haka batun nisa. A da 'yan wasa suna tsaye kewaye da makirufo, mai tafiya ya ja da baya, mai raɗa ya matso. Yau sau da yawa kowa a ɗakinsa yake naɗar layinsa ya turo. Zan iya rage murya in ƙara mata amsa-kuwwa, amma ba zan iya ƙirƙiro yadda mutum ke katse ɗan'uwansa cikin fushi ba, ko numfashin da yake ja kafin ya ba da amsa. Inda hali ya yi, ina nacewa a haɗa su wuri ɗaya. Inda bai yi ba, aƙalla su riƙa jin juna ta waya yayin naɗar.

Ba duk gadon ne abin ɗauka ba. An yi wasannin can don iyali zaune a falo gaban akwatin rediyo mai shashshaka, shi ya sa 'yan wasan ke ɗaga murya suna rarrabe kalmomi, kiɗa kuma na buga gangar kowane tashin hankali. Mai sauraronmu shi kaɗai ne, da iyafis a kunne, muryar tana cikin kansa. Wannan salon a wurinsa ihu ne. Sai dai shi ma yana cikin mota ko bakin titi, inda raɗa ke ɓacewa, don haka ba na sallamar aiki sai na saurare shi a lasifikar waya cikin hayaniya.

Abin da nake ganin mun yi asararsa shi ne agogo. Yawancin tsoffin wasannin rabin awa aka yanka musu, har da talla a ciki, kuma ba ƙari. Fodkas ba mai tsayar da kai, sai kashi ya kai minti hamsin alhali labarin na minti ashirin da biyar ne. A ƙungiyarmu yanzu muna yanke tsawon kowane kashi tun kafin a fara rubutu, kuma marubutan ba sa son wannan doka ko kaɗan.