Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya wa 'Yarmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi. Alhamdu lillahi, an gano abin da ke damun 'yarmu, har an fara mata magani. Da yardarta nake wannan rubutu, amma ba zan faɗi sunanta ba.

Ta kai shekara 15 ba al'ada, ba ƙirgen dangi, ga ta gajeriya cikin sa'o'inta. Wasu suka ce sammu ne, wasu iska. Akwai wadda ta kira ta mata-maza a kan idonta. Na yafe, sai dai yarinyar ta daɗe ba ta son fita.

Godiyata ta farko ga malamarta ta Islamiyya, wadda ta zo har gida ta ce a ci gaba da addu'a, amma a kai ta asibitin Komfo Anokye. Malama, Allah ya saka da alheri.

Sai likitar yaran da ta zaunar da mu ta yi mana bayani ba gaggawa. An ɗebi jini aka aika gwajin kariyotaif, wato ƙirga kuromosom ɗin da ke cikin ƙwayoyin jiki, masu ɗauke da halittar da mutum ke gada daga iyayensa. Yawancin mutane 46 gare su, a cikinsu mace na da waɗanda ake kira X guda biyu, namiji X da Y. Na 'yarmu 45 ne, X ɗaya tak. Ana ce masa larurar Turner, da sunan likitan Amurka Henry Turner da ya bayyana ta a 1938, kuma takan sami kusan ɗaya cikin 'ya'ya mata 2,500. Mace ce, ma'ajiyar ƙwanta ce ba ta fitar da sinadarin estirojin da ke kawo balaga. A gaban surukata likitar ta ce wannan ba daga abin da uwa ta ci ko ta aikata da ciki ba ne. Allah kaɗai ya san nauyin da maganar nan ta sauke mini.

An duba zuciya, ƙoda da jin kunnenta, domin larurar kan taɓa su, duk lafiya lau. Estirojin kaɗan-kaɗan aka fara ba ta. Allurar ƙara tsayi kuwa ta fi amfani in an soma tun yarinya na ƙarama, don haka mai 'yar da girmanta ya tsaya, kada ta jira balaga. Likitar ba ta ɓoye mana cewa yawancin masu wannan larura ba sa ɗaukar ciki da kansu ba. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai, mun miƙa wa Allah.

Matan adashinmu da suka bar mini ɗauka ba layina ba don kuɗin gwaji, kawunta da ya cika sauran, da Baban yara da bai taɓa ɗora mini laifi ba, na gode, Allah ya bar zumunci.

Roƙona ɗaya: don Allah kada a tare ta a hanya da tambayoyi. Mai son ƙarin bayani ya same ni a gida.