Baki biyar a kan yarinya ɗaya: abin da kundin digirina ya koya mini

Kundin kammala digirina a fannin adabi na rubuta shi ne a kan hasashen da masu karatu suke yi game da Ariana Dumbledore, ƙanwar Albus Dumbledore, shugaban makarantar koyon sihiri ta Hogwarts, a littattafan Harry Potter na J.K. Rowling. Yarinya ce da ba ta furta ko kalma ɗaya ba a littattafai bakwai. Sunanta ma bai fito ba sai a na ƙarshe, wanda aka buga a watan Yulin 2007, kuma ko a nan ɗin ta kusa shekara ɗari da rasuwa a lissafin labarin. Sai hotonta da ke rataye a ɗakin sama na wata mashaya, tana kallo, ba ta cewa uffan. Amma har yau masu karatu ba su gaji da tono abin da ya same ta ba.

Ga abin da aka sani, daga bakin yayanta Aberforth a babi na 28. Tana da shekara shida wasu yara uku, 'ya'yan mutanen da ba su da sihiri, suka leƙo ta shingen bayan gida suka ga tana yin abin mamaki. Suka kutso, suka ce ta nuna musu dabarar, ta kasa, suka far mata. Daga ranar ta ƙi yin sihiri, sihirin kuma ya ƙi barin ta, ya koma ciki yana cin ta, yana fashewa idan ranta ya ɓaci. Ubanta Percival ya je ya rama a kan yaran, aka kai shi kurkukun Azkaban, ya mutu a can bai faɗi dalilinsa ba, don idan hukuma ta san halin da yarinyar ke ciki, kulle ta za a yi a asibitin St Mungo's har abada. Uwarta Kendra ta kwashe iyali suka koma ƙauyen Godric's Hollow, ta ɓoye ta. Tana da shekara goma sha huɗu abin ya taso mata, uwar ta mutu a dalilinsa. Ba a jima ba ita ma ta mutu a tsakiyar faɗan da ya kaure tsakanin yayyenta biyu, Albus da Aberforth, da Gellert Grindelwald, abokin Albus na lokacin wanda daga baya ya zama mugun mai sihiri.

Ranar da na kai wa malamin da ke duba aikina tsarin babi-babi, bai ce komai a kan batun ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya. Ya ce, "Kada in ga kin rubuta 'littafin ya ce'. Littafi ba shi da baki. Ki faɗa mini wa ya ce, a gaban wa, kuma me yake nema." Na ce, "To, Malam." A raina na ɗauka irin tsanantawar nan ce ta masu duba kundi. Da na koma na bi littafin da fensir, sai na tarar labarin Ariana ya zo ne ta baki biyar, kuma babu biyun da suka yi daidai.

Elphias Doge, abokin Albus tun suna 'yan shekara goma sha ɗaya, ya rubuta ta'aziyya a jarida ya ce yarinyar ta daɗe ba ta da lafiya, ya wuce. Mutum ne mai rufa wa abokinsa asiri, kuma lokacin da abin ya faru yana yawon duniya, bai gani ba. Muriel, tsohuwa 'yar shekara ɗari da bakwai, ta zazzage nata a wurin biki tana kurɓar abin sha. Wani ɓangare na labarinta ta samo shi ne tana yarinya, ta laɓe a bakin ƙofa tana sauraron hirar uwarta da Bathilda Bagshot, maƙwabciyar gidan su Ariana. Rita Skeeter, 'yar jarida, ta kammala littafi mai shafi ɗari tara mako huɗu kacal bayan mutuwar Albus, ta tatsi ita Bathildar da maganin sa mutum faɗin gaskiya a lokacin da tsufa ya riga ya taɓa mata hankali. Aberforth ganau ne a mafi yawan abin, amma yana magana da ƙullin shekara kusan ɗari a kan wansa, kuma shi da kansa ya ce ba ya nan ranar da uwarsu ta mutu. Shi kuwa Albus ya ba da nasa ne bayan ya mutu, a babi na 35, a wata ganawa da Harry da kansa ya tambaya ko a cikin kansa take faruwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya san ba a karɓar ruwaya sai an tambayi daga wa aka ji. Ban taɓa tunanin zan bukaci wannan tarbiyyar a kan littafin matasa na Ingila ba.

Muriel ce ta fi tsaya mini a rai, har na ba ta sashe guda. Hasashenta shi ne an haifi Ariana babu sihiri, uwar ta ji kunya ta kulle ta. Hujjojinta kuwa babu na jefarwa: yarinyar ba ta je Hogwarts ba, maƙwabta ba sa ganin ta, kuma wani ɗan uwan Muriel da ke aiki a St Mungo's ya tabbatar ba a taɓa kai ta can ba, alhali an ce ba ta da lafiya. Duk gaskiya ne. Amma amsar da ta fitar ta zama kishiyar abin da ya faru, domin sihirin ne ya fi ƙarfin yarinyar. Muriel ta haɗa hujjoji ingantattu da abin da ta riga ta yi imani da shi game da Kendra, cewa mace ce mai girman kai, sai hujjojin suka bi ra'ayinta. Marubuciyar ta dasa mai hasashe a cikin littafin nata, ta bar mu muka yarda da ita na tsawon babi ashirin, sannan ta kunyata mu tare da ita.

Wannan bai sa na raina hasashe ba. Akwai wanda aka yi shi da aiki. A littafi na huɗu, na 2000, Albus ya ambaci cewa an taɓa gurfanar da ɗan uwansa saboda wani sihiri da ya yi wa akuya. A na biyar, na 2003, Harry ya shiga mashayar Hog's Head ya ji tana warin awaki, kuma ya ga kamar ya san fuskar mai wurin. Masu karatu suka haɗa biyun suka ce ai Aberforth ne, shekaru kafin littafi na bakwai ya tabbatar. Wannan hasashe ne mai tsayuwa da ƙafarsa: kana iya nuna shafin, kuma da a ce wani suna aka ba mai mashayar daga baya, da ya faɗi. Haka karyayyen hancin Albus da aka ambata tun babin farko na littafin 1997. Shekara goma ana ɗaukar sa ado ne na siffanta dattijo, sai ga shi Aberforth ne ya karya shi a wurin jana'izar Ariana. Ruwa ba ya tsami banza a wajen marubuciya irin wannan, kuma masu karatunta sun koyi haka da wuri.

Abin da ya faru a wani kogo a littafi na shida ya nuna mini iyakar wannan dabara. Albus ya sha wani koren ruwa, ya fita hayyacinsa, yana kuka yana cewa laifinsa ne, yana roƙon a bar wasu a cuce shi a madadinsu. Tsakanin 2005 da 2007 an yi ta kintace. Wasu suka ce azabar da Tom Riddle, wato Voldemort babban mugun labarin, ya gana wa marayu biyu yana yaro a kogon nan yake gani, wasu suka ce ɗalibansa yake hangowa a hannun abokan gaba. Babu wanda zai iya cewa Ariana, tunda ba a san da ita ba. Sun gane akwai ciwo, sun gane akwai nadama, amma sun neme shi a cikin mutanen da suka sani. Ko bayanin da muka dogara da shi yanzu, cewa ranar faɗan nan yake sake gani, Harry ne ya faɗa wa Aberforth, kuma shi ma fahimtarsa ce.

Sai hasashen da ya fi kowane suna. A 2016 fim ɗin Fantastic Beasts na farko, wanda labarinsa ya faru a wannan duniyar shekaru da yawa kafin zamanin Harry, ya zo da wani abu da babu shi a littattafan: yaron da aka tsangwama har ya danne sihirinsa, sai wani baƙin ƙarfi ya tsiro a cikinsa yana ɓarna. Ana kiran irin yaron Obscurial. Nan take masu kallo suka ce biri ya yi kama da mutum, ai wannan Ariana ce. Masu ja suka ce fim ɗin da kansa ya ce ba a san wanda ya wuce shekara goma da wannan lalura ba, ita kuwa ta kai goma sha huɗu. Aka amsa musu da Credence, wanda a cikin fim ɗin ya girma da ita har ya zama saurayi. A 2022, a fim na uku, Albus ya faɗa da bakinsa cewa haka ne. Masu hasashe suka yi ta murna.

Ni dai na rubuta a kundina, kuma har yanzu ina kan bakana, cewa wannan nasara ita ce ta fi kowace ƙarancin amfani. Aberforth ya riga ya bayyana komai tun 2007, da harshen ɗan uwa: tana firgita, wani lokaci tana da haɗari, amma galibi mai sanyin hali ce, shi kaɗai ke iya sa ta ci abinci idan ta ƙi, kuma idan ta natsu tare suke ba awaki abinci. Sunan cuta bai ƙara komai a kan wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya ba mutane damar daina kallon yarinyar su koma gardama a kan ƙa'idojin lalurar, shekara nawa ake kaiwa, ina baƙin ƙarfin ke tafiya idan mai shi ya mutu. Daga nan ne ma aka samu masu cewa ƙarfin nata ne ya shiga jikin Credence, bayan fim na 2018 ya ce shi ɗan gidan Dumbledore ne. Fim na uku ya ce ɗan Aberforth ne, hasashen ya mutu, aka wuce.

A ɓangaren nazari na jingina da Wolfgang Iser, masanin adabi ɗan Jamus, wanda tun shekarun 1970 ya ce marubuci yana barin giɓi ne a labari, mai karatu ya cike, kuma cikewar ita ce karatun. Roland Barthes na Faransa ya riga shi a 1967 da maganar cewa da zarar rubutu ya fita, marubuci ba shi da ikon yanke masa ma'ana. A aji maganar nan tana da daɗin ji. Da na zauna da hasashe na gaske sai na ga ba ta wadatar ba, domin giɓin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka bari don a cike daga baya, kamar mai mashaya. Akwai wanda aka bari don ya zauna a haka. Wane ne cikin mutum ukun nan sihirinsa ya kashe Ariana? Albus ya ce bai sani ba, kuma tsoron kada Grindelwald ya faɗa masa ne ya sa ya yi ta jinkirin tunkararsa har 1945, mutane suna ta mutuwa. Rashin sanin shi ne azabarsa. Wanda ya zauna ya lissafa wa ke tsaye a ina, ya fitar da mai laifi, ya cire wa labarin abin da ke riƙe da shi.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne hasashen cewa yaran nan uku fyaɗe suka yi mata. Ya yaɗu sosai, kuma masu shi suna da abin faɗa: Aberforth ya taƙaita maganar, uban ya yi ramuwa mai tsanani, yarinyar ba ta sake dawowa daidai ba. Na san akwai masu karatu da suka ga nasu ciwon a cikin shirun nan, kuma ba ni da hurumin ce musu sun yi kuskure. Amma a matsayin hujja, babu jumla ɗaya a littafin da ta nuna shi, kuma babu wadda za ta iya kore shi, wato ba a iya gwada shi kamar yadda aka gwada na mai mashaya. Abin da ya fi damuna shi ne dalilin da wasu ke bayarwa, cewa duka ko tsangwama kaɗai ba za su lalata yaro haka ba. Wannan ba magana ce a kan littafin ba. Ra'ayi ne a kan yara, kuma ba gaskiya ba ne. Yarinya 'yar shekara shida da yara maza uku suka rutsa a bayan gidansu, suka azabtar da ita saboda wani abu na jikinta da ba ta iya hanawa, ba ta bukatar a ƙara mata wani bala'i kafin a yarda ta ji ciwo.

A zaman kare kundi wata malama ta tsaya a wannan sashen. Ta ce, "To ke, me kike ganin suka yi mata?" Na ce, "Malama, abin da Aberforth ya faɗa shi na rubuta, da lambar babi. Hasashen kuma na kawo shi da sunan hasashe, na jera hujjojin masu shi, na nuna inda suka tsaya." Ta ce ta lura sashen bai kai shafi biyu ba, alhali na ba Muriel shida, ko ba gudun batun na yi ba? Na ce a wajen Muriel akwai shafukan littafi da zan nuna, a nan kuwa jumla ɗaya ce ta Aberforth, kuma na riga na kawo ta. Ta ce in ƙara sakin layi guda a kan su wane ne ke yin hasashen da abin da ke kai su gare shi, tunda shi ma bincike ne, kuma shi ne gyaran da na yi kafin a ɗaure kundin.