Zalɓe a bakin dam ɗin Kubanni

Yau da ƙarfe 6:30 na safe, a bakin dam ɗin Kubanni da ke Samaru, wani zalɓe ya tsaya cikin ruwa iya gwiwa kusan minti 20 ko motsi babu, wuya a lanƙwashe, ido a kan wuri ɗaya. Sai fat! ya soka baki ya ɗago da ƙaramin kifi, ya juya shi kai ya fara shiga, don kada ƙaya ta tokare masa maƙogwaro. Duk wanda ya yi gaggawa ba zai ga wannan ba. In kana son ka gani, ka sa rana a bayanka, ka tsaya kamar taku 30 nesa, ka bar farar riga a gida, don ita tsuntsu ke fara hangowa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Kuskuren masu koyon kallon tsuntsaye shi ne su sunkuya su nemi madubin, kafin su ɗago tsuntsu ya ɓace musu. Ka kafe ido a kansa, ka kawo madubin fuskarka. In ya tashi, dubi wuya: zalɓe da balbela naɗe shi suke yi, shamuwa kuwa miƙe shi take.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ledojin da iska ta tara cikin ciyawar da zalɓen yake farauta, wata ma tana taɓa ƙafarsa. Wallahi har yanzu ita nake gani fiye da kifin.